Giya Tana Fita da Kanta a Motar Manuwal: Tambayoyi da Amsoshi

Giyar da ke fita da kanta tana cikin matsalolin da ake yawan yi wa gaggawa. Mai mota ya kai ta gareji, kafin ya gama bayani an ce giyabos ne, wato akwatin giya, a sauke. Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa kuma abin da ya lalace yana waje, 'yar roba ce ta cinye ko kebul ya saki, aikin da ba ya buƙatar a kwance komai mai nauyi. Tambayoyin nan sun bi hanyar da bincike ya kamata ya bi, daga abin da hannu ke kai wa zuwa abin da sai an buɗe ake gani.

Yaya zan tabbatar giya ce ke fita, ba kuloci ne ke zamewa ba?

Dubi sandar giya, nan amsar take. Idan giya ce ta fita, sandar za ta bar wurinta ta koma firi, galibi da ɗan bugu da za ka ji, inji ya yi kuka, mota kuma ta daina ja nan take. Idan kuloci ne, sandar tana nan inda ka sa ta. Inji ne zai riƙa ɗaga murya, allurar juyinsa ta haura, amma gudu bai ƙaru yadda ya dace ba. Zamewar kuloci ta fi bayyana a manyan giyoyi, a hawa, ko idan an yi lodi, kuma takan zo da warin ƙuna.

Akwai hali na uku da ke ruɗa mutane: sanda tana wurinta, amma ja ya yanke gaba ɗaya. Wannan ya fi kama da karyewar shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga taya. A mota mai jan ƙafa huɗu kuma, ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya yana iya komawa firi da kansa, babbar giya ba ta san ana yi ba.

Me ke riƙe giya a wurinta tun farko?

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin matsalar. A giyabos na zamani, faya-fayan giyoyin gaba kullum haƙoransu a sarƙe suke da juna, ko da kana firi. Sa giya ba tura wani faifai cikin wani ba ne. A kowace giya, ɗaya daga cikin faya-fayan biyu yana juyawa sakaka a kan shaf. Abin da sanda ke yi shi ne ta tura wani ƙarfe mai baki biyu, wanda makanikai ke kira fok, shi kuma ya tura zoben kulle ya hau kan wasu ƙananan haƙora da ke gefen faifan, ya ɗaure shi da shaf. Waɗannan ƙananan haƙoran tsawonsu 'yan milimitoci ne, amma duk ƙarfin inji ta kansu yake bi.

Abu uku ke hana zoben komawa baya. Na farko, siffar haƙoran: an yanke su da ɗan karkata, kansu ya fi gindinsu faɗi kaɗan, ta yadda da ƙarfin inji ya hau kansu sai su ƙara janyo zoben ciki. Na biyu, ƙaramin ƙwallon ƙarfe da sifirin ke dannawa, wanda ke faɗawa cikin wani ɗan gurbi a jikin sandar fok. Shi ne wannan "ƙyas" ɗin da kake ji a hannu idan giya ta zauna. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, zurfin shiga. Dole zoben ya hau haƙoran har ƙarshe. Kamar sakatar ƙofa ce: in bakinta kawai ya shiga rami, iska ta ɗan jijjiga ƙofar sai ta buɗe.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai abin da ke tura shi waje. Manyan haƙoran giyoyin gaba a karkace ake yanke su don a rage ƙara, kuma haƙori mai karkata yana tura faifai gefe ɗaya idan ka taka totur, ya tura shi ɗaya gefen idan ka ɗaga ƙafa. Boris da wosha da kilif su ne ke tare wannan turin. Saboda haka duk giyar da ke fita, ɗayan biyu ne: ko dai ba ta shiga sosai ba tun farko, ko ta shiga amma abin da ke riƙe ta ya gaji. Na farkon yawanci a waje yake. Na biyun a ciki.

To me zan fara dubawa?

Fara daga cikin mota, inji a kashe. Cire rigar robar da ke gindin sanda ka gwada tuƙi ba ita. Abin kamar wasa, amma robar da ta bushe ta yi tauri, ko wadda aka mayar a karkace bayan wani aiki, tana iya jan sanda baya, musamman a giyoyin da ke nesa da tsakiya. Dubi kuma ko wani abu yana tare sandar kafin ta kai ƙarshen tafiyarta: tabarmar ƙasa, wayar rediyo, tsabar kuɗi da ta faɗa ciki.

Daga nan sai ka sa giya ka girgiza sandar. Ɗan wasa kaɗan ba laifi. Idan tana lilo gaba da baya alhali giya na ciki, bushin, wato 'yan robobin da ke mahaɗan sanda, ya cinye. Duk wasan da ke cikin bushin, daga tafiyar fok ake cire shi: hannunka ya kai ƙarshe, amma zoben da ke ciki bai kai ba.

Yadda sanda ke haɗuwa da giyabos ya bambanta. A motoci masu ja da ƙafafun baya da yawa, sandar kan giyabos ɗin take zaune kai tsaye, abin dubawa kaɗan ne. Masu jan gaba kuwa, ko dogon ƙarfe ne ya bi ta ƙarƙashi, ko kebul biyu, ɗaya na gaba da baya, ɗaya na hagu da dama. Duba bakin kowane kebul, da kilif ɗin da ke riƙe rigarsa a jikin ƙarfen da aka ɗaure shi. Idan kilif ɗin ya fita ko ƙarfen ya tsage, rigar kebul ɗin ce za ta riƙa motsi maimakon wayar ciki.

Gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne. Wani ya sa giyar da ke fita daga cikin mota, kai kuma ka je wurin giyabos ka cire kebul ɗin, ka tura hannun zaɓen giya da yatsunka. In ya ƙara matsawa, ko da kaɗan ne, har ka ji ya faɗa wurinsa, to ka kama ɓarawon: kebul ko ƙarfen bai kai giyar gida ba. Daidaitawa ko sabon bushin ne maganinsa.

Makanike ya ce mazaunin inji ne. Ina ruwan mazaunin inji da giya?

Da ruwansa. Inji da giyabos a haɗe suke, suna zaune kan robobi masu kauri, ita kuwa sandar giya a motoci da yawa jikin mota aka ɗaure ta. Duk lokacin da ka taka totur inji yana ƙoƙarin murɗawa, robobin nan ne ke hana shi. In ɗaya ta tsage, giyabos zai yi gaba ko baya, sanda tana nan inda take, sai ya zama kamar wani ne ya fizge ta daga ƙasa. An fi ganin haka a masu dogon ƙarfe, domin kebul yana lanƙwasa ya shanye wani abu daga motsin.

Alamarsa ita ce sanda tana rawa sosai duk lokacin da ka taka ko ka saki totur, da ƙarar bugu in za ka tashi. Don gwadawa, ja birkin hannu, taka birki, sa giya ta ɗaya, ka ɗan ɗago kuloci har inji ya fara ɗaukar nauyi, sannan ka maimaita da ribas. Wani ya tsaya a gefe yana kallon inji. A gefe, ba a gaban mota ba. In inji ya ɗaga sama ya faɗo, an gama magana.

Lokacin da take fita yana nuna wani abu?

Ƙwarai, kuma wannan ne bayanin da makanike ya fi buƙata daga bakinka. "Giya tana fita" ba ta ishe shi ba. Kafin ka je, lura da wace giya ce, a wane hali, da mota mai sanyi ko bayan ta yi zafi.

In tana fita da zarar ka saki kuloci, kusan kullum ba ta shiga ba ne tun farko. Koma kan kebul, bushin, ko fok da ya lanƙwashe.

In sai ka ɗaga ƙafa daga totur take fita, ko a gangara inji yana riƙe mota, hankali ya fi karkata ga ciki. A wannan lokacin ne nauyi ke tashi daga fuskar haƙori ɗaya ya koma ɗayar, turin gefe ma ya juya. A ɗan tsakanin nan babu abin da ke riƙe zoben sai ƙwallo da sifirin. In faifan yana da wasa a kan shaf, ko haƙoran sun sulɓe, nan zai kuɓuce. Amma kada a manta mazaunin inji ma a daidai wannan lokacin yake fizga, shi ya sa ake fara kawar da shakkarsa.

In a ƙarƙashin nauyi take fita, kana taka totur sosai ko kana hawa, mai yiwuwa karkatar haƙoran ta cinye har ta juya. Maimakon ƙarfi ya ja zoben ciki, yanzu tura shi waje yake yi. Ɗora hannu a hankali kan sanda ka taka totur: za ka ji tana turo ka, turin yana ƙaruwa da ƙaruwar totur. Wannan ba aikin daidaitawa ba ne.

In kuwa sai a hanya mai gargada, ko ka faɗa rami, to ka zargi sifirin da ya yi laushi, ko mazaunin da ya mutu, ko kan sanda mai nauyi da aka sa don ado. Doguwar sanda mai nauyi a kai tana lilo da kanta, abin da direbobin manyan motoci suka sani sarai.

Waɗannan alamu ne, ba hukunci ba. Tsohuwar mota tana iya haɗa biyu ko uku.

Me ya sa giya ɗaya ce kawai take fita?

Domin kowace giya da haƙoranta, kuma kowace da irin wahalar da take sha. Giya biyu ne ke raba zobe ɗaya da fok ɗaya: ta ɗaya da ta biyu, ta uku da ta huɗu. In duka biyun da ke layi ɗaya suna fita, duba abin da suka yi tarayya a kai, wato fok, zobe, ko sifirin ɗinsu. In duk giyoyin da ake turawa gaba ne ke fita, ko duk na baya, wannan kebul ne ko mazauni. In ɗaya ce tilo, haƙoranta ne ko boris ɗinta.

Ta biyu da ta uku su ne aka fi canzawa cikin gari, su ne kuma aka fi sa wa da gaggawa, don haka su ke fara cinyewa.

Ta biyar labarinta daban. A motoci masu jan gaba da yawa masu giya biyar, tana can ƙarshen giyabos, a wajen babban akwatin, ƙarƙashin wani murfi, noti ko kilif ne ke riƙe ta a bakin shaf. In mai ya ragu ita ce ke fara jin ƙishi, kuma ita ce ke aiki awa da awa a doguwar tafiya. In notin ya saki, faifan zai riƙa kai da kawo. Abin daɗin shi ne a irin waɗannan sau da yawa ana kai wa gare ta ta hanyar cire taya da murfin kawai, ba sai an sauke giyabos ba. Ka tambaya kafin ka yarda a sauke.

A masu jan baya kuma, ta huɗu yawanci ba ta bi ta faifai ba. Shaf mai shigowa daga inji ne ake ɗaurewa kai tsaye da shaf mai fita. A wasu masu giya shida, ta biyar ce ke wannan aikin. Tunda shaf biyu ne ake haɗawa baki da baki, dole su kasance a layi ɗaya. In boris ɗin shaf na gaba ya cinye, ko ƙaramin boris ɗin da ke riƙe bakinsa a tsakiyar fulawil (babban faifan ƙarfe da ke bayan inji), shaf ɗin zai riƙa rawa, rawar kuma ta riƙa tura zoben waje kaɗan-kaɗan a kowane juyi.

Ribas fa?

A motoci da yawa ribas ba ta da sinkiro, wato zoben tagullar da ke daidaita gudu kafin giya ta shiga. Wani ƙaramin faifai ne mai miƙaƙƙun haƙora ake zurawa tsakanin wasu biyu, shi ya sa take kuka in kana baya. Duk wanda ke sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba, bakin haƙoran nan yake ci. In suka yi gefe-gefe sai faifan ya riƙa ficewa da an ɗora masa nauyi. Tsaya cik, taka kuloci, jira daƙiƙa biyu ko uku, sannan ka sa.

Canza man giya zai gyara?

In haƙora sun riga sun cinye, a'a. Babu man da ke mayar da ƙarfen da ya tafi, haka ma magungunan da ake zubawa a cikin mai. Amma duba man yana da amfani biyu: ka san ko ya ragu, ka kuma karanta abin da ke faruwa a ciki ba tare da ka buɗe ba.

Ka fara kwance notin zubawa kafin na fitarwa. Wanda ya tsiyaye mai sannan ya tarar notin sama ya ƙi kwantuwa ya shiga uku. A yawancin motoci, mota a shimfiɗe, mai yana kaiwa bakin ramin zubawa. Tari man a mazubi mai tsabta ka kai shi rana. Notin ƙasa a motoci da yawa yana da maganaɗisu: baƙin gari mai laushi a jikinsa ba abin tsoro ba ne, duk giyabos yana yin sa. Ƙyalli ruwan zinariya da yawa a cikin mai, zoben sinkiro ne ko bakin fok ke cinyewa. Gutsattsarin da za ka iya ɗauka da yatsa kuwa, haƙori ne ko boris ko kilif, kuma wannan motar buɗewa za a yi.

Wajen zuba sabo, bi littafin motar. Da yawa suna son mai mai lambar GL-4, a kauri irin 75W-90 ko 75W-80. GL-5 ya fi yawan sinadaran jure matsi, an yi shi ne musamman don akwatin aksil na baya, kuma ba kowane ne ke shiri da zoben tagulla ba. Wasu giyabos na manuwal ma man otomatik aka tsara musu. Babbar lamba ba ita ce mafi kyau ba.

An ce min sinkiro ne. Haka ne?

Rabin gaskiya ce. Sinkiro, wanda kamfanin Cadillac ya fara sa wa motocinsa a 1928, aikinsa daidaita gudun faifai da na shaf ne kafin zobe ya hau. Da giya ta zauna, ya gama nasa. Ba shi ke riƙe ta ba. Sai dai in ya cinye, kowace sa giya sai an ji "ƙurrr", kuma wannan ƙarar ba komai ba ce illa ƙananan haƙoran suna gugar juna. Wata da watanni ana haka sai bakinsu ya dakushe, karkatarsu ta tafi. Saboda haka sinkiro ne ya fara, amma ɓarnar ta wuce shi. Wanda ya canza zoben tagulla kaɗai ya bar tsohon faifai da tsohon zoben kulle, ƙarar za ta tafi, giyar kuma ta ci gaba da fita.

Kuloci zai iya jawo wannan? Tawa ta fara ne bayan an canza kuloci.

Shi kansa kuloci ba ya fitar da giya. Amma wanda ba ya saki sosai yana sa giya ta yi wuyar shiga, direba ya riƙa dannawa da ƙarfi, sinkiro da fok su sha wahala, daga nan a bi hanyar da aka bayyana a sama.

In kuwa matsalar ta fara ne daidai bayan aiki, to aikin za a bincika, ba cikin giyabos ba. Don a canza kuloci sai an sauke giyabos, an cire kebul, an kwance mazauni. Ko an mayar da kebul ba a daidaita ba, ko an bar wani noti a sake. Akwai kuma fegi biyu na ƙarfe tsakanin inji da giyabos waɗanda ke tsayar da su a layi ɗaya. Sukan faɗi ko su maƙale a wani wuri, mai aiki ya ɗaure ba su, yana ganin notuna sun isa. Ba su isa ba. Kaucewar da ake yarda da ita a nan ƙanƙanuwa ce, wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita da ɗan ɗori. Datti ko waya da ta maƙale tsakanin fuskokin biyu ma tana karkatar da shi. Mayar da motar wurin wanda ya yi aikin tun abin bai ci haƙora ba.

Sifirin da ƙwallon nan, ana iya canza su ba a sauke ba?

A giyabos da yawa, e. Suna ƙarƙashin wani noti a jikin akwatin daga waje, ko a murfin sama. Kwance shi, zaro sifirin, gwada tsawonsa da sabo, duba ko ya karye ko ƙwallon ya yi fuska. Ka yi hattara kada ƙwallon ya faɗa ciki. Aiki ne mai sauƙi da ya cancanci gwaji. Abin da ban goyi baya ba shi ne cusa wosha a bayan sifirin don a ƙara masa ƙarfi alhali haƙora ne suka mutu. Sanda za ta yi tauri, giyar ta ɗan lafa, amma yanzu fok ne ke kokawa da turin da ba don shi aka yi shi ba.

Zan iya ci gaba da tuƙi ina danne sandar da hannu?

Don ka kai ta gareji, to. Fiye da haka, kana ƙara wa kanka aiki ne. Fok ba ya juyawa, zoben da yake runguma kuwa yana juyawa dubban sau a minti. An tsara su su taɓa juna na ɗan lokacin canza giya kawai. In ka danne sanda, ko ka ɗaure ta da roba kamar yadda wasu ke yi, bakin fok zai yi ta guga har ya sirance, garinsa kuma ya bi mai ya shiga kowane boris.

Ga kuma haɗari. Giyar da ta fita kana tsakiyar wuce wata mota ta bar ka ba ja a hannun da ba naka ba. A doguwar gangara, inji ya saki mota, duk nauyi ya koma kan birki. In ta fita, ɗaga ƙafa daga totur, taka kuloci, sannan ka mayar a natse. Kada ka buga ta ciki ba kuloci. In giya ɗaya ce ke yi, gara ka tsallake ta har a gyara. Kuma kada ka ajiye irin wannan motar a gangara kana dogaro da giya, ja birkin hannu.

Da gaske ne ɗora hannu kan sanda yayin tuƙi yana ɓata giya?

Nauyin hannu yana iya kaiwa ga fok, musamman inda sanda ke zaune kai tsaye a kan giyabos. Ba abin da zai kashe ta cikin mako ba ne, amma ɗabi'a ce da ba ta da riba. Hannu biyu a sitiyari.

In an buɗe, me zan ce a nuna min?

Ka ce a ajiye maka duk abin da aka cire, kuma a nuna maka dalilin cire shi. Ɗauki faifan giyar da ke fita ka gwada ƙananan haƙoransa da na wata giyar da ba ta da matsala. Lafiyayyu suna da baki mai tsini kamar rufin ɗaki da gefe mai kaifi. Matattu sun yi mulmul, gefensu yana ƙyalli. Leƙa cikin zoben kulle, haƙoransa ma haka za ka gan su, shi ya sa ake canza su tare.

Sa fok a cikin ramin zoben a auna tazarar da fila geji, wato siraran ƙarafan da ake auna tazara da su. Littafin kowace mota yana da iyakarsa, a da yawa ba ta wuce milimita 1 ba. Fok da ya yi shuɗi ya sha zafi ne. A auna wasan kowane faifai a kan shaf, a duba wosha da kilif, a juya kowane boris da hannu a ji ko yana gurnani. A duba gurbin da ƙwallo ke faɗawa a jikin sandar fok, domin shi ma yana shafewa. Makaniken da ya canza kaya bai auna komai ba, ƙaddara ya bar wa aikin. Tunda kuma giyabos yana ƙasa, wannan ne lokacin duba kuloci da sil ɗin mai, kada a sake saukewa saboda su.

Gyara ya fi, ko sayen wani na hannu?

Ya danganta da yawan ɓarnar. Giya ɗaya, sauran kayan lafiya, mai ba gutsattsari: gyara ya fi, domin ka san abin da ke ciki. In boris ya watse ya bi ko'ina, ko akwatin ya tsage, ko shaf ya ci, lissafin kaya yakan wuce na wani giyabos ɗin. Sai dai na hannu ba ka san tarihinsa ba, kuma fitar giya ba ta nunawa a ƙasa, sai an ɗora an hau hanya. Tabbatar lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta naka, don mota iri ɗaya tana iya zuwa da giyabos masu lissafin haƙora daban. Kwance notin ƙasa ka ga maganaɗisun, sa kowace giya da hannu kana juya shaf, kuma ku yi yarjejeniyar mayarwa in ya ƙi.

An gyara, bayan ɗan lokaci ta sake fita. Me aka bari?

Galibi an canza abin da ya lalace ne, an bar abin da ya lalata shi. Sabon faifai da sabon zobe, amma tsohon bushin yana nan, giya tana ci gaba da shiga rabi, duk ƙarfin inji yana kan bakin haƙoran. Ko mazaunin da ya tsage yana nan yana fizga, ko kuloci har yanzu ba ya saki, ko sil ɗin da ke yoyo ya sake zubar da mai. Wani lokaci kuma an sa sabon zobe a kan tsohon faifai don a rage kuɗi, tsohon ya cinye sabon.

Kafin a sake saukewa, a maimaita gwajin cire kebul da na mazauni, a duba mai, a tabbatar fegin nan biyu suna wurinsu. In duk waɗannan lafiya, to a ciki ne, kuma abin da za a fara aunawa shi ne wasan faifai a kan shaf da lanƙwasar fok, domin su biyun ido ba ya kama su.